ZUMUNTA A ƘAFA TAKE, AMMA DA WACE IRIN TAFIYA?

Duk ranar Juma'a irin ta yau, kafin masallata su gama watsewa, in mutum ya ratsa unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya, da wuya ya rasa ganin wata bas tsaye a ƙofar wani gida. An buɗe bayanta ana ta cusa akwatuna da kuloli da buhun shinkafa, mata na fitowa ɗaya bayan ɗaya da goyo a baya, yara na rigimar wanda zai zauna bakin taga, direba kuwa sai faɗa yake yi wai rana na yi. Ba sai an tambaya ba, biki za a je. An sa ranar auren 'yar ƙanen maigida, ko ɗan wan uwargida, a can garinsu na asali, kuma ana so a je a dawo kafin safiyar Litinin. Mai yiwuwa ne ma shi kansa mai karatu yana naɗe wannan jarida ne zai cusa a aljihu ya nufi irin wannan mota.

Wannan tafiya ta zama ruwan dare a tsakanin Musulmin ƙasar nan, har ta kai ba a tsayawa a tambayi hukuncinta. Jama'a sun kasu biyu a kanta. Kashi na farko, waɗanda su ne suka fi yawa, sun ɗauke ta al'ada ce zalla wadda addini ba shi da ta cewa a cikinta, saboda haka duk abin da aka yi daga fita gida zuwa dawowa daidai ne, tunda sha'ani ne. Kashi na biyu kuwa wasu ne daga cikin matasa masu kishin addini, waɗanda suka dubi ɓarnar da ke cikin bukukuwa suka yanke cewa ba su ba zuwa, ko da kuwa na ƙanwarsu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Duka biyun sun yi kuskure, kuma tushen kuskurensu guda ne: sun manta cewa tafiya bikin ɗan uwa ibada ce. Wanda ya san ibada ce ba zai yi ta yadda ya ga dama ba, kuma ba zai bar ta don wasu sun ɓata ta ba.

ASALIN TAFIYAR

Babu wani ɗalibin Islamiyya da bai san matsayin zumunci ba. A ayar farko ta Suratun Nisa'i, Allah (T) Ya haɗa umurnin jin tsoronSa da umurnin kiyaye zumunta a wuri guda. A Suratu Muhammad, aya ta 22 da ta 23, Ya jera yanke zumunta tare da ɓarna a bayan ƙasa, Ya kuma ambaci la'ana a kan masu yin haka. Manzon Allah (S) ya yi wa mai sada zumunci albishir da yalwar arziki da albarkar rayuwa, ya kuma yi gargaɗin cewa mai yanke shi ba zai shiga Aljanna ba. Bayan wannan, amsa gayyatar walima na daga cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa, har ya zo a hadisin Abu Huraira cewa ƙin amsa ta saɓo ne ga Allah da ManzonSa.

Ke nan magidancin da ya kwashi iyalinsa ya nufi bikin 'yar ƙanensa ya tara alheri uku a tafiya ɗaya: ya sada zumunci, ya amsa gayyata, ya kuma shaida raya wata sunna babba, wato aure. Ga kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Yaran da aka haifa a birni, da yawansu ba su san kakanninsu da baffanninsu da gwaggonninsu ba sai a irin wannan rana. In ba biki ko rasuwa ba, babu abin da ke tara dangi a yau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

Addini bai hana farin ciki a biki ba. Nana A'isha (RA) ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, da ta dawo Manzon Allah (S) ya tambaye ta ko ba su tafi da wani abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son haka. Saboda haka wanda ya ce biki zaman makoki ne, ba daga sunna ya samo ba.

To amma ibada tana da sharuɗɗa. Ba a yin salla da tufa mai najasa a ce ai niyya ce ta kai. Haka ita ma wannan tafiya. Bari a bi sawun iyali guda, a ga yadda ake yin ta.

DAGA ALHAMIS ZUWA LAHADI

A ɗauki misalin ƙaramin ma'aikaci mazaunin Kano, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, za a aurar da 'yar ƙanensa a Azare. Tafiya ce ta fiye da kilomita 200, ta Wudil da Shuwarin da Jama'are. Ba shi da lokacin kansa sai Asabar da Lahadi, domin su ne ranakun hutun ma'aikata a ƙasar nan. Bikin da iyaye da kakanni ke shimfiɗa shi cikin mako guda a tsanake, yanzu dole a dunƙule shi cikin kwana biyu da rabi. Daga nan gaggawa ta samo asali, kuma yawancin ɓarnar da ke biyo baya 'ya'yan gaggawar nan ne.

Tun saura wata guda aka aiko da anko kala biyu, ɗaya na kamu ɗaya na yinin biki. Uwargida ta ce ba za ta shiga cikin dangin miji da tsohuwar atamfa ba, 'yan mata uku su ma kowacce sai an ɗinka mata. Ga gudummawa, wadda ba a bayar da ita gwargwadon hali, sai gwargwadon abin da uwar amarya ta kawo lokacin da aka yi suna a gidan, har da ɗori. Ga kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta tashi zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin mota ya bi ta. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Kafin a ɗaga ƙafa daga gida, albashin wata ya ƙare, an ci bashin mai kanti, an karɓi kwasar adashi tun kafin lokacinta.

Ranar Juma'a aka yi shatar bas tare da wasu dangi. Motar mutum 18 ce, amma da aka ƙirga manya da yara sai da aka haura 25, ban da kaya. An ce za a tashi da hantsi, jiran wance da wance ya kai aka tashi ana kiran sallar Juma'a. Samarin da ke cikin motar suka ce ai matafiya ne. Aka zo Wudil aka tarar da cunkoson kasuwa, domin ranar take ci. La'asar ta wuce a hanya, direba ya ce ba zai tsaya ba, yana so ya sauke su ya juyo. Aka shiga Azare bayan Magariba, aka faɗa cikin gaishe-gaishe da guɗa. Mata da yawa ba su tuna da Azahar da La'asar ba sai da za su kwanta, wasu ma kwalliyar da aka yi musu ta hana su kusantar ruwa.

Shi kuwa maigida bai bi su ba. Sai da safiyar Asabar ya shigo motar abokinsa, suka iso ana gab da ɗaurin aure. Cikin minti goma aka yi siga, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa, aka ɗauki hotuna. Ya ci abinci a tsaye, ya leƙa cikin gida ya ce wa uwargida sai sun dawo. A ɗakin da ke ƙuryar gidan akwai yayar mahaifinsa, tsohuwa ce da ta shekara biyu ba ta taka ƙofar gida, ita ta goya shi yana yaro. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ina wuni, ya jiki?" Ta ce, "Wa nake ji kamar ɗan Malam? Shigo mana in gan ka." Ya ce, "Gwaggo, ana jira na a mota, sai na sake zagayowa." Ya ajiye mata 'yan kuɗi a bakin tabarma ya fita. Rabonsa da ita shekara uku.

Da daddare aka yi kai amarya. Motoci da babura suka jeru, samari suka hau gudu da wasa da sitiyari a cikin gari, 'yan mata na ihu a ciki. Aka kwana ana kiɗa da manyan lasifika, maza da mata a cakuɗe, ana liƙi da kuɗin da aka ranto. Asuba ta yi kowa na barci. Ranar Lahadi aka tsaya buɗar kai da rabon kayan gara, har aka yi cacar baki a kan wanda aka ba kaɗan. Motar komawa ba ta tashi ba sai bayan Isha'i, da direban da bai runtsa ba tun jiya, saboda gobe Litinin akwai makaranta da ofis.

Duk wanda ya karanta wannan ya san babu ƙari a ciki. To, a zauna a yi lissafi: me aka samu, me aka rasa?

ABIN DA AKA RASA

Na farko salla. Abin takaici shi ne, babu inda Shari'a ta yi sauƙi kamar a tafiya, amma a nan ne aka fi tozarta salla. Suratun Nisa'i aya ta 101 ta ba matafiyi damar yin kasaru, aya ta 103 kuma ta tabbatar da cewa salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci. Malaman Malikiyya sun ƙayyade tafiyar kasaru da baridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, sun kuma ce wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana nan a matsayin matafiyi. An kuma yarda matafiyi ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i. Raka'a biyu da raka'a biyu ba za su ci minti goma a bakin hanya ba. Motar da ke tsayawa a sayi tsire da rake da ruwan leda, ita ce ake cewa ba ta da lokacin tsayawa salla! Game da Juma'a kuwa, gaskiya ne ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma wanda rana ta karkata yana cikin garinsu bai zama matafiyi ba tukuna, kuma malaman sun haramta masa fita kafin ya sallace ta. Wanda ya fita neman lada ɗaya ya zubar da farilla biyar a hanya, wane irin ciniki ya yi?

Na biyu dukiya. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah (T) Ya yi umurni da a ba ɗan uwa haƙƙinsa, kuma a cikin numfashi guda Ya hana almubazzaranci, Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu. Kamar dai ayar tana kallon bikin zamanin nan ne. Abdurrahman bn Auf yana cikin manyan attajiran Sahabbai, amma da ya yi aure abin da Manzon Allah (S) ya umurce shi da shi shi ne walima ko da da akuya ɗaya. Shi kansa Manzon Allah (S) ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya (RA) a kan hanya ne, tsakanin Khaibara da Madina, a shekara ta 7 bayan Hijira. Aka shimfiɗa fatu, aka zuba dabino da busasshen nono da man shanu, babu gurasa babu nama, jama'a suka ci. Wannan shi ne bikin fiyayyen halitta. Yau kuwa talaka na ɗinka anko da bashi don kada a raina shi, ya dawo gida a yi mako biyu ana dafa abin da ya samu, kuɗin makarantar yara ya tafi a liƙi. Kuma su wa aka burge? Mutanen da kafin Laraba sun manta kalar atamfar.

Ita kuma gudummawa, asalinta taimako ne mai kyau, amma an mai da ita bashi mai ruwa. Mata na ajiye lissafin abin da kowa ta kawo, in aka tashi ramawa dole a ƙara. Wadda ba ta da halin ramawa sai ta ƙi zuwa don kunya, daga nan a ce ta yi girman kai, gaba ta ƙullu. Manzon Allah (S) ya bayyana cewa mai ramawa ba shi ne mai sada zumunci ba, mai sada zumunci shi ne wanda in an yanke masa yake ƙullawa. Wannan hadisi kaɗai ya isa ya rushe littafin lissafin biki.

Na uku rai. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, kuma tun daga lokacin take ta jan kunne a kan gudun wuce sa'a, da lodi fiye da kima, da lalatattun tayoyi, da tuƙi cikin gajiya. Duk waɗannan sukan taru a motar 'yan biki. Ba a kan titi kaɗai ba. A watan Yunin 2023, jirgin ruwa ya kife a kogin Neja a yankin Patigi ta Jihar Kwara, ɗauke da mutanen da ke dawowa daga biki a Jihar Neja cikin dare, an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Fiye da mutum 100 suka rasu, gidaje da dama aka wayi gari babu kowa. Ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya hana bawa jefa kansa cikin halaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 195. Mutumin da ya cusa 'ya'yansa a motar da ya ga tayarta ta suɗe, ya ce Allah Ya kiyaye, bai fahimci tawakkali ba. Manzon Allah (S) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Wannan ba yana nufin an wanke mahukunta ba. Su ne suka bar hanyoyi suka zama ramuka, suka bar dazuzzuka a hannun 'yan bindiga, har ta kai talaka na yin wasiyya kafin ya bi wasu hanyoyin. A watan Yunin 2025, wasu bayin Allah daga Basawa ta Zariya suka nufi ɗaurin aure a Jihar Filato, aka tare motarsu a ƙaramar hukumar Mangu aka kashe fiye da mutum 10 daga cikinsu, ba su tsare wa kowa komai ba, laifinsu kawai su baƙi ne a kan hanya. Jininsu na wuyan waɗanda suka zubar da shi, da waɗanda aka ɗora wa amanar tsaron rayuka suka gaza. Amma tunda an san halin da ƙasa ke ciki, wajibi ne a kan mai iyali ya yi tambaya a kan hanya kafin ya kama ta, ya kuma yi tafiyarsa ido na ganin ido.

Na huɗu, wanda ya fi ban mamaki, shi ne zumuncin kansa. An kashe kuɗi, an sha wahala, an yi kasada da rai, duk da sunan zumunci, amma aka dawo ba a yi shi ba. An ga amarya, an ga 'yan rawa, an ɗauki hoto da masu hannu da shuni na dangi. Tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ba ta samu minti biyar ba. Kawun da talauci ya sa ya zauna a bayan rumfa babu wanda ya kai masa yara su gaishe shi. Marayun da babban wa ya bari, su aka sa wankin kwanuka. Manzon Allah (S) ya kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da mafi sharrin abinci. Ina ga bikin da matalautan da aka ture ɗin jinin mutum ne?

GA MASU ƘAURACEWA

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Akwai ɗan uwa mai kishi da zai karanta abin da ya gabata ya ce, ai shi ya sa ba ya zuwa. A yi hattara. Gudun ɓarna abu ne mai kyau, kuma malamai sun yarda cewa wajabcin amsa gayyata na faɗuwa in akwai munkarin da mutum ba zai iya kauce masa ba. Amma biki ba zama ɗaya ba ne. Akwai ɗaurin aure, akwai walima, akwai gaida tsofaffi, akwai ɗaukar kaya da hidimar baƙi, duk waɗannan babu abin ƙi a cikinsu. Filin rawa daban yake, kuma babu wanda ya ɗaure wani ya kai shi can. Wanda ya bar halal tara saboda haram ɗaya da yake da ikon kauce mata, ya sauƙaƙa wa kansa ne kawai, ya kira abin taƙawa.

Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (RA), mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, ta tambayi Manzon Allah (S) ko ta sada ta, ya ce ta sada ta. Suratu Luƙman aya ta 15 ta hana yi wa iyaye biyayya a kan shirka, amma a nan take ta yi umurni da a zauna da su da kyautatawa. In haka ne hukuncin mushriki, to ina ga baffa Musulmi mai salla wanda laifinsa shi ne ya kira makaɗa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sannan a duba abin da ƙauracewar ke haifarwa. Duk gidan da masu ilimin addini suka janye daga sha'aninsa, sun bar ragamar ne a hannun waɗanda ba su damu ba. Dangi kuma sai su ɗauka cewa shiga harkar addini na nufin raina iyaye, su hana sauran 'ya'yansu kusantar ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi miyagun al'adu da alƙalaminsa da harshensa, littafinsa Ihya'us Sunna shaida ne, amma bai yi haka daga cikin ɗaki ba. Shekaru ya yi yana yawo a ƙasashen Kabi da Zamfara yana shiga cikin jama'a yana karantar da su, maza da mata. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka a ƙungiyance ƙarƙashin jagorancin jaji, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Gyara da shiga ake yin sa. Saurayin da ya zo tun Juma'a, ya kafa rumfa, ya ɗebo ruwa, ya yi wa baƙi shimfiɗa, in lokacin salla ya yi ya kira salla, maganarsa za ta yi nauyi in ya ce wa baffansa, "Baffa, da an raba wurin zaman maza da na mata." Wanda bai zo ba kuwa, ko wasiƙa shafi goma ya aiko, babu mai karantawa.

INA MAFITA?

Mafita ba ta da wuya ga wanda ya yarda cewa ibada zai je yi. Ta fara ne daga niyya. Maigida ya tara iyalinsa tun kafin ranar ya gaya musu abin da za a je yi da abin da ba za a yi ba, domin Suratut Tahrim aya ta 6 shi ta ɗora wa nauyin tsare kansa da iyalinsa daga wuta. Ya yi lissafin abin da zai iya, ya tsaya a nan. In kuɗin anko zai hana biyan kuɗin mota mai lafiya, a bar ankon, a wanke tufafin da ake da su. In halin bai kai a tafi da kowa ba, a tafi da wasu, wani bikin a tafi da sauran. In ma tafiyar gaba ɗaya ta gagara, ko hanyar ba ta da aminci, ya aika da uzurinsa da abin da ya sawwaƙa, ya kuma sa ranar da zai je gaisuwa daga baya. Su kuma dangi su karɓi uzuri, su daina auna ƙauna da yawan kujerun da mutum ya cika a mota.

Ya daina tura mata da yara su kaɗai a hannun direban da bai sani ba, shi ya biyo baya a motar abokai. In ba zai samu tafiya tare da su ba, ya haɗa su da muharrami mai hankali. Manzon Allah (S) ya yi umurni cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Motar biki ma tana bukatar wanda zai ce a tsaya a yi salla a tsaya, ya ce direba ya rage gudu ya rage, ya ce mota ta cika kada a ƙara kowa. A yi wannan sharaɗi da direba tun wajen ciniki. A yi sammako, domin an yi wa al'ummar nan addu'ar albarka a cikin sammakonta. In ranar Juma'a ce, ko dai a fita da wuri yadda za a riski salla a wani gari, ko a dakata a sallace ta sannan a kama hanya in tafiyar gajera ce. Komawa kuma a yi ta da hantsin Lahadi, ko da ba a gama rabon gara ba. Cincin da dubulan ba su kai ran mutum ba.

In an isa, a fara da waɗanda suka fi haƙƙi. Kafin a je ganin jeren amarya, a kama hannun yara a kai su ɗakin kaka, a zauna, a gaya musu wannan ita ce wance, ita ta goyi babanku. A nemi gidan wanda ba shi da lafiya da gidan da aka yi rashi. Kuɗin da aka tanada don liƙi, a raba shi biyu a kai wa marayun dangi rabi, a ga wanda zai fi daɗewa ana tunawa. A kai amarya cikin natsuwa da addu'a tun da sauran haske. Mata su yi nishaɗinsu a tsakaninsu, maza su yi walimarsu, a kwanta da wuri don a samu Asuba.

Masu shirya bikin su ma akwai nasu. Su tausaya wa na nesa, su rage yawan shagulgula, su sa ɗaurin aure a lokacin da baƙo zai iya komawa gida kafin duhu, su kuma daina ɗora wa dangi anko kamar haraji. Amarya da ango albarka suke bukata, kuma ba a samun albarka daga taron da aka bar salla aka ci bashi aka ɓata wa talakan dangi rai.

Motar da ke tsaye a ƙofar gida yanzu haka za ta tashi ko an so ko ba a so. Abin da ya rage ga wanda zai shige ta shi ne ya tambayi kansa, in ya dawo ranar Lahadi, me za a rubuta masa: sallolinsa cikakku, iyalinsa lafiya, babu bashi a wuyansa, tsohuwa ta sa masa albarka? Ko kuwa hotuna a waya da gajiya a jiki? Ita dai Gwaggo tana can a ƙuryar ɗaki tana sauraron takun masu shigowa, kuma babu wanda ya san ko za ta kai wani bikin.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sanya albarka a auren 'ya'yan Musulmi, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a kan hanyar zumunci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.